Kafintan da ya ƙi shafa wa allona banish

A bayan kasuwar Katako, idan ka wuce layin masu falanki ka gangara inda ƙarar injin tsaga take raguwa, akwai wata rumfar kwano da wani dattijon kafinta yake aiki shi da yaransa. Babu allo a ƙofar rumfar, duk da cewa yi wa mutane allo ne rabin sana'arsa, don haka sai dai ka tambayi masu katako su nuna maka tsohon nan mai sassaƙa rubutu. Shi ya yi mini allon gidan abincina da ke gefen titin Bauchi, da bencin zama na waje, da akwatunan fure na bakin ƙofa. Damina ta zo ta wuce a kansu ba sau ɗaya ba, hunturu ma haka, saboda haka yanzu ina da bakin magana. Allon ya biya kuɗinsa. Bencin ya yi, bayan an sha rigima. Akwatunan fure kuwa ba zan ce wa kowa ya saya ba.

Baƙo yakan ɗauka tunda Jos garin sanyi ne, katako zai zauna lafiya a waje. Ai nan ne ma yake shan wuya. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma iya hawanka sama iya kaifin hasken ranar da ke cin launi, ko da jikinka bai ji zafi ba. Ruwa yana farawa tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, a shekara ana samun kusan milimita 1,400, a Yuli da Agusta kuwa marka takan sa bango ya yi kwanaki bai bushe ba. Wani lokaci har da ƙanƙara. Ana fita daga wannan sai hunturu ya sauko da busasshiyar iska mai tsaga leɓe da diddige. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Duk abin da aka shafa masa dole ya bi shi ya buɗe ya rufe kowace shekara, in ya kasa bi ya tsage, ruwa ya sami ƙofa. A ƙasa kuma gara tana jira.

Kafin wannan allo bana, wato ledar talla da ake buga wa rubutu, nake ratayawa kamar kowa a layinmu. Tana da araha, ka bayar yau a buga maka gobe, amma jan launinta ne yake fara koɗewa, sannan guguwar farkon damina, wadda take tasowa daga gabas, ta yage ta daga inda aka ɗaure. Maƙwabcina mai shayi ya yi na filawud, yanzu gefensa ya buɗe falle-falle. Ni dai na gaji da hawa tsani.

Na je wa tsohon da hoto a waya, wani allo da na gani a intanet, katako zalla mai launin zuma da aka shafa wa banish yana ƙyalli, an ƙona rubutun a jikinsa. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya miƙo mini abata.

"Hajiya, ina allon zai kalla?"

Na ce titi mana, Baba.

"Titin gabas yake ko yamma? Akwai rumfa a kansa?"

Babu rumfa, kuma yamma yake kallo, rana tana dukansa tun azahar har ta faɗi.

"To wannan na hoton ba zan yi miki ba. In na yi, kafin Sallah ta zagayo za ki dawo kina zagina."

Raina ya ɗan sosu, don kuɗina ne ba nasa ba. Sai dai bayanin da ya yi ya shiga kaina. Banish garau yake, haske yana ratsa shi ya isa fuskar katakon da ke ƙarƙashi, ya cinye ta a hankali har ta yi toka-toka ta zama gari. Daga nan banish ɗin ba shi da abin da zai riƙe, sai ya ɗago yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Fenti mai launi kuwa launin ne yake tare hasken, katakon yana cikin inuwa. Kuma idan fenti ya ji ciwo a wuri ɗaya ana iya gogewa a taɓa wurin kaɗai, amma banish in ya fara ɗagowa sai an kankare shi duka an koma farko. A hanyata ta komawa na riƙa leƙen ƙofofin katako na gidajen mutane daga cikin keke, duk wadda aka yi wa banish take kuma fuskantar rana, rabinta na ƙasa ya ɓare. Muka shirya a kan koren fenti mai duhu da farin rubutu. Don ya rarrashe ni, ya ce ƙaramin allon farashi da zai zauna a ƙarƙashin baranda zai bar mini shi da launinsa na katako, ya shafa masa mai kawai.

Abin da ya fi burge ni da aikinsa yana faruwa tun kafin a ɗauki zarto. Bai yarda in zauna in jira ba, ya ce in bi shi cikin kasuwa mu zaɓi katako tare. Obece, farin nan mara nauyi da ake yin silin da firam da shi, bai ko tsaya a kansa ba, ya ce ƙwaro yana huda shi ko a cikin ɗaki. Malaina ya ce tana da kirki wajen karɓar fenti kuma ba ta cika lanƙwashewa ba in ta bushe, amma kada ƙafarta ta taɓa ƙasa. Maɗaci yana yi. Wanda ya fi so shi ne iroko, wanda ake kawowa daga dazukan kudu. Ya sa aka jawo falanki ɗaya daga tsakiyar tari, ya juya mini bakinsa inda aka yanke. Tsakiyar ruwan ƙasa ce mai ɗan rawaya, gefe ɗaya kuma akwai farin layi mai faɗin yatsu biyu. Ya sa farce a kan farin ya ce, "Wannan abincin gara ne, Hajiya. Za ki biya kuɗinsa, amma zan yanke shi in yar." Ƙarfin itacen a jan cikinsa yake, farin gefen ko na wane itace ne ba ya jure ruwa. Na lura mai katakon bai ji daɗin yadda muke ta juya masa kaya ba, tsohon ko a jikinsa. Ya ɗaga falankin ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa, ya ce da sauran ruwa a cikinsa, sai ya sha iska.

Na tambaye shi madobiya, don mahaifina yana da kujerar madobiya da ta girme ni. Ya yi dariya ya ce in na samo mai kyau in kira shi ya zo ya gani. Shekarun baya an kwashe ta daga dazukan Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai lura da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, take sa wa ido, daga 2017. A itatuwanmu na Arewa, in ji shi, waɗanda suka fi ƙarfin gara su ne ƙirya da azarar giginya. Ƙirya tana yin turmi da taɓarya, amma da wuya ta ba ka falanki mai faɗi miƙaƙƙe, ga masu gawayi sun sa ta a gaba. Azara kuwa sanda ce, ba a yin allo da ita, amma duk wanda ya shiga gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya zagaya wajen gine-ginen gargajiya ya ga kwafin masallacin Juma'a na Zariya, ya san abin da magina na da suka dogara da shi wajen rufi.

Shan iskar nan ita ce mafarin jira. Ya jera falankin a inuwa, ya sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya ɗora dutse a sama. Na yarda da dalilin, domin ɗanyen katako in aka rufe shi da fenti ruwan cikinsa ne zai turo fentin waje. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda yake ba da rana. Tsohon nan bai san ya ce "sai wata mai zuwa" ba, kullum "jibi in Allah ya yarda" ne, kuma jibinsa ba ta zuwa. Da ya gaya mini gaskiyar lokacin tun farko da na shirya, amma sai na cire tsohuwar bana ina jiran jibi, gidan abinci ya zauna ba suna har wasu suka ɗauka na tashi. Wayarsa kuma tana hannun yaro, yaron yana can wajen injin. Wanda yake da ranar buɗe shago a gabansa, ya yi lissafi da wannan.

Wata ranar da na je bin sawu na tarar ana kan aikin, na zauna a kan wani guntun gungume na kalla. Bai yi allon da falanki ɗaya mai faɗi ba, biyu ya haɗa, ya ce mai faɗi sosai shi yake ƙwarya idan fuska ɗaya tana shan rana ɗayar tana inuwa. A baya ya gicciya sanduna biyu, ya ɗan tsawaita ramukan notin don katakon ya sami wurin motsi ba tare da ya tsage ba. Farin gam ɗin da kafintoci suke amfani da shi a kayan ɗaki bai taɓa shi ba, ya ce ruwa yana jiƙa shi ya saki, mai haɗi biyu ya kwaɓa. Kowace kusurwa ya bi ta da samfefa ya kashe kaifinta, saboda fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi, nan yake fara tsagewa.

Sai ya nuna mini abin da har yanzu nake nuna wa masu tambaya. Ya ɗauki guntun da aka yanke daga falankina, ya tsoma yatsa a butarsa, ya ɗiga ruwa a fuskar katakon. Ɗigon ya tsaya cur, yana ƙyalli. Ya juya guntun ya ɗiga a bakin da zarto ya yanka. Kafin in gyara mayafina ruwan ya shige, sai duhun wurin. Ya ce itace ta nan yake shan ruwa tun yana tsaye a daji, kuma bai daina ba don an sare shi. Saboda haka bakin nan biyu su ya fi ba lokaci. Ya shafa musu Solignum, maganin kare katako daga gara da ruɓewa, ya bari ya bushe sarai, ya bi su da fentin shimfiɗa yana ƙarawa har suka ƙoshi suka daina sha. Kafin fenti ya goge allon duka da tsumma da tina, don iroko yana da maiƙo a jikinsa da yake hana fenti kamawa da bushewa. Bayan allon, wanda babu mai gani, ya sha fenti daidai da gabansa. Yaronsa ya yi gunaguni a kan asarar fenti, tsohon bai ko ɗago kai ba. Na ga alluna da yawa a garin nan da gabansu yake sheƙi bayansu tsirara, kuma su ne suke lanƙwashewa.

Rubutun sassaƙa shi ya yi, bai tsaya ga burushi kaɗai ba. Ramin kowane harafi ya yi shi da gangare, don ruwa ya zuba ya wuce kada ya kwanta. Amfanin sassaƙa shi ne ko farin ya dushe sunan yana nan, kowane yaro zai iya bin ramin da ƙaramin burushi ya sabunta. A nan ne kuma na ga rauninsu na biyu. Haruffan a kwamfuta ake bugo su a takarda, a manna a kan katako a bi. Yaron da aka aika ya dawo da takarda babu lanƙwasa ko ɗaya, ƙosai da ɗanwake duk sun fito a miƙe, wai injin wurin ba shi da irin haruffan. Allah ya sa na gani kafin a sa ƙarfe. Tsohon ya ɗauki fensir ya ƙara lanƙwasar da hannu, sun fito, amma in ka matso za ka ga ta ɗanwake ta fi sauran kauri. Shi katako ya sani, rubutun boko bai dame shi ba, duk abin da aka manna masa zai sassaƙa. Ka rubuta abinka da kanka, ka duba takardar harafi bayan harafi, don abin da aka sassaƙa ba ya gogewa.

Ranar kafawa ya zo da mai walda. Ni na zaci za a haƙa rami a dasa sandunan katako a zuba kankare, yadda aka saba. Ya ce katakon da aka binne a kankare a wuyansa yake ruɓewa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, don nan laima take zama. Ƙarfe aka dasa a kankaren, aka yi masa jan fentin hana tsatsa, aka ɗaure ƙafafun allon a jikinsa da noti, katakon ya tsaya sama da ƙasa da wajen taƙi ɗaya. Ko gara ta yi niyya sai ta gina hanyarta a kan ƙarfe a fili, mai shara zai gani ya kankare. A saman allon ya kifa 'yar hular alminiyam da ta ɗan zarce gaba da baya, ruwa yana ɗiga daga bakinta ba ya bin fuskar rubutun. Ba ta da kyan gani sosai in ka tsaya a gefe, na faɗa masa, ya ce in zaɓa tsakanin kyan gefe da tsawon rai. Wani mai wucewa ya ba da shawarar a shafa baƙin mai na mota a ƙafafun, tsohon ya ce a bakin gidan abinci? Ga wari, ga shi fenti ba ya kama inda ya taɓa.

Zuwa yanzu allon bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, haɗin tsakiyar bai buɗe ba. Koren ya rage sheƙi, musamman rabin da ya fi shan ranar yamma, kuma ƙanƙarar da aka yi wata shekara ta bar ƙananan tabo a hular, katakon bai ji komai ba. Bayan kowane hunturu ina sa a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a duba baki-bakin ko akwai inda fenti ya buɗe. Ƙaramin allon farashi na baranda ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa sosai, haka iroko yake yi, ya ma fi kyau yanzu, sai dai yana neman mai kafin damina da bayanta, in an manta sai ya yi fari-fari.

Bencin labarinsa daban. Tsohon ya yanka, ya bar wa yaransa haɗawa, su kuma suka buga ƙusa ta yau da kullum maimakon wadda ba ta tsatsa. Damina ɗaya, kowace ƙusa ta zubo da baƙin layi a jikin katakon, wata ta ɗago kai ta kama zanen wata mai cin masa, na sha kunya na kuma biya ɗinki. Na kira, na aika, na sake kira. Da ya zo daga ƙarshe bai yi musu ba, ya zare su duka ya sa noti mai rufin da ke hana tsatsa, ya sa wa ƙafafun takalmin roba don kada su zauna cikin ruwa, bai karɓi ko sisi ba. Na yaba masa wannan. Amma abin ya nuna mini cewa ingancin rumfar nan a hannun mutum ɗaya yake, duk abin da idonsa bai tsaya a kai ba zai iya fitowa kamar na kowane shago.

Akwatunan fure da malaina aka yi su, an huda gindinsu, an shimfiɗa leda a ciki. Duk da haka jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kwance a jikin katako dare da rana, ga ban ruwa da rani, ga marka da damina. Ɗaya gindinsa ya ruɓe ya zube, ɗayan yana kan hanya. A nan ina ganin ya kamata ya ƙi, yadda ya ƙi banish, ko ya ce sai dai a saka tukunya a cikin akwatin. Bai faɗa ba, ya karɓi aikin. Na koma tukwanen ƙasa, sun fi araha kuma ba ruwansu da gara.

Kuɗin allon da kafa shi ya ninka na bana sau da yawa, kuma ba ya ragi sosai, in ka matsa sai ya ce to a canza katako, ka san kuma abin da hakan yake nufi. Ba ya ba da rasit, a wani tsohon littafi yake rubuta kafin alƙalami, don haka ka ɗauki hoton shafin da wayarka. Rumfar ƙura ce ko'ina, garin iroko kuma yana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, mai asma ya tsaya daga waje. Mace ita kaɗai za ta iya zuwa ba damuwa, yaran suna da ladabi, sai dai babu wurin zama na kirki.

Wanda yake so ya ba shi aiki ya kai tun Disamba ko Janairu, lokacin da iska take busar da katako da sauri, don a yi fenti wajen Fabrairu ko Maris a kafa kafin ruwan Afrilu. Cikin marka fentin mai ba ya bushewa da kyau, cikin tsananin hunturu kuma ƙura tana manne masa, ko da yake na ga yana yayyafa ruwa a ƙasa ya kewaye wurin da buhu kafin ya buɗe gwangwani. Ka bi shi kasuwa ka ga falankinka da idonka, ka sa masa alama da alli, ka biya kuɗin katako da fenti, ka ce kuma shi da kansa kake so ya haɗa. Ragowar kuɗin ka riƙe sai ranar da mai walda ya ɗaure noti na ƙarshe.